Samanja ya tafi, ina magadansa a Magarya da Dungas?

Duk wanda ya tashi a Magarya ko Dungas a zamanin da Rediyon Kaduna ke shiga gidaje ta gajeren zango, zai yi wuya bai san muryar Samanja Mazan Fama ba. Usman Baba Pategi, mai wannan murya, ya rasu a Kaduna a watan Nuwamban 2023, Allah Ya jiƙansa. Abin da ya bari ya isa matasan wannan yanki su zauna su yi nazari a kai.

Samanja Banufe ne daga garin Pategi na jihar Kwara. Ya yi aikin soja, kuma daga bariki ya kwaso kayan aikinsa: tsawar manya a kan ƙananan sojoji, rigimar matan bariki, da Hausar nan da ake cakuɗawa da Turancin buroka. Sunan ma daga muƙamin saje manjo ya samo asali. Da waɗannan ya gina wasan da aka daɗe ana saurare a rediyo, ana kallo a talabijin ta NTA Kaduna. A shekarun da sojoji ke mulkin Najeriya, ya sa farar hula sun yi dariyar kaki, su ma masu kakin suka taya su. Ba ƙaramin gwani ke iya wannan ba tare da ya ci mutuncin kowa ba.

Damagaram ma tana da nata tarihin. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun riƙa fafatawa da wasan kwaikwayo a bikin matasa na ƙasa, kuma Yazi Dogo da abokan aikinsa sun yi suna a Zinder da wasannin Hausa masu taɓo auren dole, cin hanci da halin ma'aikata. Yau saurayi a Magarya ya fi sanin marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, a kan 'yan wasan jiharsa. Laifin ba na saurayin ba ne. Finafinan Ibro suna cikin waya, su kuwa tsofaffin wasannin gida sai an sha wuya kafin a samu.

Nan ne aikin yake. Gidajen rediyo da talabijin na gwamnati, a Yamai da Kaduna, ya kamata su fito da faya-fayen da suka rage su mayar da su na zamani kafin ƙura da zafi su gama da su. 'Yan ci-rani da ke Kano, Libiya da Aljeriya suna haɗa kuɗi su gina masallaci ko su haƙa rijiya a garuruwansu, kuma aikin lada ne. Kaɗan daga irin wannan taimako zai iya ɗaukar hirar tsofaffin 'yan wasa tun suna da rai, ya kuma tsayar da dandali a gidan matasa.

Wasu za su ce wayar hannu ta maye gurbin dandali, kowa na iya barkwancinsa a TikTok. Gaskiya ne kayan aiki sun yi sauƙi. Sai dai yawancin abin da ake ɗorawa ba ya wuce kwaikwayon wani ko zagin wani, bayan mako guda an manta. Samanja ya daɗe ne saboda rayuwar da ya sani ciki da waje ya kawo.

Magarya da Dungas ba su rasa irin wannan rayuwa ba. Akwai hada-hadar kasuwar Maigatari, akwai wahalar da rufe iyaka ta jawo a 2019 da 2023, akwai matar da mijinta ya tafi ci-rani shekara uku ba aike. Labaran suna nan a ƙofar gida, mai ɗaukar su ake jira.