DISTINCT Ba Magani Ba Ne

Wani ɗalibina daga Dar Salam ta Omdurman ya aiko mini da manhajar intanet da ya gina wa wata makaranta. Kukansa shi ne, sunan malami guda yana fitowa sau 12 a teburin izini, har an ba shi shawarar ya liƙa DISTINCT. Wannan shawara ta malalata ce.

Ku lissafa da kanku. Malamin yana da sassa 3, wato rajista da jarrabawa da kuɗi, kowanne da izini 4: karantawa, rubutawa, gyarawa da gogewa. Da an haɗa teburan da JOIN, layi 12 ke nan. DISTINCT ba zai rage ko ɗaya ba, domin layukan sun bambanta a gurbin izini. In kuwa aka cire gurbin don ya yi aiki, an zubar da abin da ake nema.

Gyaran shi ne GROUP BY bisa lambar mutum da lambar sashe, sannan GROUP_CONCAT a MySQL, ko STRING_AGG a PostgreSQL, ya tattara izinin a gurbi guda. Layi 12 ya koma 3.

Bisa lamba na ce, ba bisa suna ba. Ku ɗaliban Hausa kun fi kowa sanin dalili. Kwamfuta na iya ɗaukar Ƙasimu da Kasimu mutum biyu, ta kuma haɗe Usmanu biyu su zama ɗaya. Ranar da ta yi haka, shugaban makaranta zai duba allo, ya kasa gane wane Usmanu ne ke da ikon goge sakamakon jarrabawa.