SHARHI: Iyayen Naƙasassun Yara Tsakanin Neman Abinci da Jinya

Duk lokacin da aka zauna lissafin arzikin ƙasa, akan ƙidaya gangar mai da buhun masara da kuɗin da suka shiga bankuna, amma akwai wani aiki da ake yi dare da rana a gidajen Nijeriya wanda ba ya shiga littafin kowa. Wannan aiki shi ne kula da yaro mai naƙasa, ko ta shanyewar jiki, ko ta ƙwaƙwalwa, ko ta ji da gani. Masu yin sa iyaye ne, galibinsu kuma mata. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2018 cewa kimanin kashi uku cikin huɗu na hidimar iyali da ba a biyan ladanta a duniya, mata ne ke yin ta.

Gidan da ke da irin wannan yaro yana asara ta fuska biyu. Ta farko, abin kashewa yana ƙaruwa: magani, gashin ƙashi, keken guragu, makaranta ta musamman, ga kuma kuɗin mota zuwa asibiti da ya yi tashin gwauron zabi tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Ta biyu, abin shigowa yana raguwa, domin tilas ɗaya daga cikin iyayen ya rage aiki ko ya ajiye shi. Mafi ƙarancin albashi tun watan Yulin 2024 shi ne Naira 70,000. Uwar da ke karɓar haka, in ta ɗauki mai reno ta biya ta kwatankwacinsa, to mai renon ta yi wa aiki wata guda cur. In ta zauna a gida kuwa, albashin ya tafi, fansho ya bi shi.

A da, zaman gandu ya rufa wa mutane asiri, domin kaka ko goggo ko abokiyar zama ba sa rasa karɓar yaro. Amma ma'aikacin da ke haya a Mararraba ko Agege, ya fita bayan asuba ya dawo bayan magariba, danginsa suna can garinsu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, sau da yawa yayar yaron ake cirewa daga makaranta ta zauna da shi. Ta haka talaucin yau yake zama gadon gobe.

Me doka ta ce? Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ware wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta tanadar musu ilmi kyauta har sakandare, ta kuma kafa hukuma ta ƙasa mai kula da sha'aninsu. Abin yabo ne ƙwarai. Sai dai ba ta yi wa mai ɗawainiya da naƙasasshen wani tanadi a wurin aikinsa ba. Haka kuma Dokar Ƙwadago ta san hutun haihuwa na mako 12 da hutun rashin lafiyar ma'aikaci, amma ba ta san hutun jinyar ɗa ba. Saboda haka, samun izinin kai yaro asibiti ya dogara ne ga tausayin shugaban wurin aiki, alhali abin da alfarma ta bayar, alfarma na iya karɓewa.

Wasu ƙasashe sun riga mu. Afirka ta Kudu tana biyan marasa ƙarfi tallafin wata-wata don kula da yara masu tsananin naƙasa 'yan ƙasa da shekara 18. Birtaniya kuwa, tun watan Afrilun 2024, ta ba ma'aikaci ikon ɗaukar hutun mako guda a shekara don jinyar wani nasa, kodayake ba tare da albashi ba.

Masu masana'antu za su ce nauyin ya yi musu yawa, musamman a wannan hali na tsadar wuta da faɗuwar darajar Naira. Kukansu abin saurare ne. Amma duk manajan da ya taɓa rasa ƙwararren ma'aikaci ya san abin da ake kashewa kafin a horar da madadinsa. Sassauta lokacin zuwa da tashi, ko musanyar ranar aiki, ya fi wannan araha nesa ba kusa ba.

Ya kamata Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta shigar da hutun jinya na 'yan kwanaki cikin Dokar Ƙwadago, Gwamnatin Tarayya kuma ta fara da ma'aikatanta, kamar yadda ta amince wa maza hutun haihuwa na kwana 14 a 2021. To amma alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba sa cikin aikin albashi mai rajista. Mai tuyar ƙosai da ɗan tireda ba su da wanda zai ba su hutu. Ranar da suka rufe, ranar ba ciniki. Abin da zai amfane su shi ne gidajen renon wuni masu ƙwararrun ma'aikata kusa da kasuwanni, da sanya gashin ƙashi da magungunan waɗannan yara cikin asusun marasa galihu da dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanada.

Waɗannan iyaye sun daɗe suna ɗauke wa hukuma nauyin da ya kamata a raba. Lokaci ya yi da masu tsara kasafin kuɗi za su sa su cikin lissafi.