Sarki Ya Ba da Ƙasa, Amma Hatimi Yana Hannunsa

A ranar 14 ga Oktoba 1066 Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, Sarki Harold ya faɗi a fagen fama. Mayaƙan da suka ƙetaro teku tare da Wiliyam kowa ya san ladan da yake jira, wato ƙasa. Cikin shekara ashirin an gama rabo. Da aka yi ƙidayar 1086, wadda aka tattara a kundin Domesday mai ɗauke da garuruwa da ƙauyuka sama da 13,000, sai aka tarar manyan 'yan ƙasa da suka rage da rabo mai tsoka ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Robert na Mortain, wanda suke uwa ɗaya da Wiliyam, shi kaɗai ya tashi da gandaye kusan 800. Ɗaya ɗan'uwan, Odo, ya sami Kent.

Bikin bayarwar abin kallo ne. Wanda za a ba ƙasa yakan zo ba takobi, ba komai a kansa, ya durƙusa, ya haɗa tafukansa ya sa cikin na sarki, ya furta cewa daga ranar shi mutuminsa ne. Sannan ya dafa abu mai tsarki a addininsu ya rantse. Wajen miƙa gona kuwa akan danƙa wa mutum ɗan dunƙulen ƙasa da reshen itace, wani lokaci wuƙa, a gaban shaidu, don ko bayan shekaru a sami mai cewa da idonsa ya gani. Abin da ke wuyan mai karɓa shi ne ya kawo wa sarki adadin barade da aka yanka masa, da dawakansu da sulkensu, galibi na kwana 40 a shekara. Shi ma sai ya juya ya gutsuttsura rabonsa ga nasa yaran bisa irin wannan sharaɗi.

Masu ba da labarin wannan zamani sukan kira shi karamcin sarki ga masu biyayya. Sunan bai dace ba. Ƙasar da aka raba tana da masu ita, kuma wanda aka ba, aro ya karɓa da igiya a wuya. Roger, wanda ya gaji sarautar Hereford daga mahaifinsa, babban na hannun daman Wiliyam, ya yi tawaye a 1075, aka ƙwace komai aka jefa shi kurkuku. Odo kansa an kama shi a 1082, 'yan'uwantaka ba ta cece shi ba. A ranar 1 ga Agusta 1086 Wiliyam ya tara masu riƙe da ƙasa a Salisbury, ya sa suka rantse masa kai tsaye, ko yaron waye mutum, don kada wani babba ya zaci nasa mutanen nasa ne shi kaɗai.

Inda ƙarfin sarki ya fi ɓuya shi ne wajen tabbatarwa. Idan babba ya ba yaronsa ko wani gidan ibada gona, mai hankali ba ya kwanciya da kyautar sai ya nemo takardar sarki da ta amince da ita: fatar tunkiya da aka rubuta da Latin, sunayen shaidu a ƙasa, hatimin kakin zuma yana reto a jiki. Sarki ya mutu, a sake ɗaukar takardar a kai wa magajinsa, a biya. Sarki Richad na Ɗaya, da yaƙin Faransa ya cinye masa baitulmali, ya sauya babban hatiminsa a 1198, ya ce duk takardar da aka buga da tsohon ba ta da ƙarfi sai an dawo an sake bugawa, da kuɗi. Gonar tana nan inda take, mai ita bai yi laifi ba, amma sai ya sake sayen abin da ya riga ya biya.

Da takarda ta zama rai, jabu ya yi kasuwa. Hatta masu ibadar Battle, gidan da Wiliyam ya gina a filin da ya ci yaƙi, sun ƙirƙiri takardu da sunansa a ƙarni na 12 don kare 'yancin da suke ganin ya ba su.

Gado ma da farashinsa. Ɗa ba ya shiga ƙasar ubansa sai ya biya sarki, kuma Sarki Jon ya mai da wannan wuƙar yanka. A 1213 ya yanka wa John de Lacy mak 7,000, sama da fam 4,600, kafin ya karɓi gadonsa na Pontefract. Shekara biyu bayan haka de Lacy yana cikin manyan da suka tilasta wa sarki amincewa da Magna Carta a Runnymede, wadda ta kayyade kuɗin gadon babban rabo a fam 100. Zalunci da hatimi shi ya haifi wannan takarda. A 1278 kuma Edwad na Ɗaya ya aika alƙalai su tambayi manya da wace hujja suke riƙe da kotuna da sauran iko a yankunansu. Marubutan zamanin sun ruwaito cewa mai sarautar Warenne ya zaro tsohon takobi mai tsatsa ya ce hujjarsa ke nan, da shi kakanninsa suka ci ƙasar tare da Wiliyam. Rigimar ta kai 1290, aka daidaita: wanda ya tabbatar cewa ikon yana gidansu ba yankewa tun 1189, a bar masa.

Abin da ya fara ba mai ƙasa barci shi ne kotu. Tun zamanin Henri na Biyu, wanda aka kora daga gonarsa ba bisa ƙa'ida ba yana iya sayen sammacin sarki, a tara maƙwabta 12 su faɗi abin da suka sani, a mayar masa. Sai dai wannan ƙofa ta 'yantattu ce. Manoman da aka ɗaure da gandun ubangida, waɗanda guminsu ne ke ciyar da barade, ba su da hurumin kai ƙararsa can. A 1086 kusan mutum ɗaya cikin goma da aka ƙidaya bawa ne. An ba da su tare da gona, an tabbatar da kyautar, ba wanda ya tambaye su. Wannan shi ne ɓangaren labarin da ya fi ciwo, kuma shi aka fi tsallakewa.

Mai karatu a Najeriya ba zai ji abin baƙo ba. A Borno sarakuna sun riƙa ba gidajen malamai takardar mahram mai yafe musu haraji da aikin yaƙi, zuriyarsu kuma ta riƙa kai ta ga sabon Mai ya sabunta. A Kano kafin zuwan Turawa hakimai suna zaune a birni, garuruwansu a warwatse, jakadu ke zuwa karɓo haraji. Tsarin ba ɗaya ba ne da na Ingila, amma tambayar ɗaya ce: wa ke da kalmar ƙarshe?

A Najeriya ta yau Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba da amsa. Ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, takardar shaidar da yake sa wa hannu galibi ta shekara 99 ce, sayarwa ko jinginarwa na buƙatar amincewarsa, kuma yana iya soke izini da sunan maslahar jama'a. Ikon amana ba laifi ba ne, muddin rajistar filaye a buɗe take kowa ya duba wa aka ba da dalilin bayarwa, kuma sabuwar gwamnati ba ta mai da sabunta takardu hanyar tara kuɗi irin ta Richad ba. Wanda ya fi buƙatar wannan kariya shi ne manomin bakin gari, mai noma gonar kakansa da 'yar takardar dagaci a cikin akwati. Ya kamata alƙali ya saurare shi, maƙwabtansa su ba da shaida, a biya shi diyya, kafin ma'aikatan safiyo su kafa dutse a cikin dawarsa.