FILIN MATA: Ɗaukar Hoton Jariri

 

Kwanan baya na je suna a garinmu Dagumawa, ta ƙasar Wudil. Yayata ce ta haihu, aka sami mace. Tun da hantsi gida ya cika maƙil, kowace mace da wayarta a hannu. Ɗakin mai jego kuwa duhu ne, an rufe taga saboda hunturu. Wannan ta karɓi jaririya ta haska mata fitilar waya, waccan ta amshe ta tayar da ita zaune, yarinya sai kuka take yi. Da yamma muka zauna duba hotuna. Sun fi hamsin, amma babu ɗaya na kirki. Wani ya yi dishi-dishi, wani kuma ɗaurin ɗankwalin Goggo kaɗai ya fito. Yayata ba ta ce kome ba, amma na ga ranta ya ɓaci, domin ranar suna ba ta dawowa. Abin da ya sa ke nan na ce bari mu tattauna wannan magana yau.

Da farko dai, haske shi ne hoto. Ki buɗe taga ko ki ɗaga labulen ƙofa, ki kwantar da jariri yadda haske zai zo masa ta gefe. Hantsi ya fi, ko bayan la'asar. Kada ki kai shi tsakar rana, kada kuma ki kunna fitilar waya. Firgita shi take yi, ya runtse ido, fuskarsa ta fito fari fat kamar ba shi ba. Ki goge idon wayar da tsumma mai tsabta, ki wanke hannunki da sabulu kafin ki taɓa yaro.

Na biyu, ki san lokacinsa. Sabon jariri yana barcin sa'a 14 zuwa 17 a kwana guda. Ki bari a yi masa wanka, ya sha mama ya ƙoshi, sa'an nan ki ɗauka. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. In kina son ya dube ki, ki matso kusa, gama idonsa bai cika ganin abin da ya wuce inci 8 zuwa 12 ba, watau kamar tsakanin fuskarsa da ta uwarsa in yana shan mama. Kuma ki tuna wanzami yana zuwa ran bakwai. Ki ɗauki hoto ɗaya da suman haihuwa kafin aski, ɗaya bayan aski.

Na uku shi ne babba. Kun sha ganin hotunan Turai, jariri ya yi tagumi, ko an rataye shi cikin zane. To, ku sani akwai hannun babba riƙe da shi, daga baya aka goge hannun da kwamfuta. Kada wata ta ce za ta gwada. Wuyan jariri ba ya ɗaukar kansa sai ya yi wajen wata huɗu. Kada a zaunar da shi, kada a sa shi cikin ƙwarya ko bisa kujera. Shimfiɗa a kan tabarma ta isa, da farin zane marar ado. Kada a tuɓe shi cikin sanyi don hoto, kada kuma a taɓa cibiya, ita kan faɗi da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu. In za ki ɗauka ta sama, ki riƙe waya da hannu biyu, kada ta suɓuce a fuskarsa.

Na san wasu za su ce ba a hoto ba kwalli. Ku yi mini haƙuri, iyayena. Kwalli da yawa akwai dalma a cikinsa, dalma kuwa tana cutar da ƙwaƙwalwar yaro. A shekarar 2011, a birnin Boston na Amurka, likitoci sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, suka bi sawu har suka gano kwallin da aka kawo daga Nijeriya ne ake sa masa. Idon jariri ya isa ado shi kaɗai. Kuma tun da kin kai shi ga haske, ki duba farin idonsa da fatarsa. In kin ga sun yi ɗorawa, shawara ce, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira bayan suna.

Sauran maganar kunya. Mun sani uwa ba ta nuna ɗan fari a gaban mutane, ko sunansa ba ta faɗi. Al'ada ce mai kyau, amma sai yaro ya girma ba shi da hoto ko ɗaya a hannun uwarsa. Ke ƙanwa, ki bari baƙi su watse, ki ja labule, ki ɗauke su su biyu. Ba wanda zai gani sai ita. Haka kuma kada ki aika hoton ɗan wata cikin WhatsApp sai da izinin uwa da uba. Abin da ya fita ba ya komowa.

Daga ƙarshe, waya takan faɗa ruwa, takan ɓace. Ran Juma'a in maigida zai shiga kasuwar Wudil, ki ba shi hoto biyu ko uku mafi kyau a wanko. Ki rubuta sunan yaro da ranar haihuwarsa a baya, ki adana cikin akwati. Ku 'yan makaranta, wannan aikinku ne, ku rubuta wa iyayenku mata.

Yayata dai mun sake ɗauka ran da ta yi arba'in, a bakin taga, guda uku kacal. Yanzu ɗaya yana jikin bango.

Allah ya raya mana su. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.