KADA A BAR MAI NAƘUDA ITA KAƊAI

A yawancin asibitocin gwamnati na ƙasar nan, da zarar mace mai naƙuda ta isa ƙofar ɗakin haihuwa sai a karɓi kayanta, a ce wa waɗanda suka rako ta su jira a waje. Uwa ce, ko goggo, ko miji, duk dokar ɗaya ce. Daga nan sai ta shafe sa'o'i a kan gado, ungozomar asibiti guda tana kai da komowa tsakanin mata da yawa, babu mai riƙe mata hannu, babu mai gaya mata halin da a ke ciki. Mu a ganinmu lokaci ya yi da za a soke wannan doka, kuma a horar da matan da za su riƙa zama da masu naƙuda da masu jego.

Abin da ya jawo mu ga wannan magana shi ne wata sana'a da ta kafu a Amurka da Ingila, wadda yanzu aka fara jin sunanta a Ikko da Abuja, watau aikin dula. Kalmar daga harshen Girka ta fito, ma'anarta ta asali kuwa baiwa ko kuyanga. Wata Ba'amurkiya masaniyar al'adun jama'a, Dana Raphael, ita ce ta yayata ta a littafinta na 1973 game da shayarwa, inda ta kira macen da ke tallafa wa mai jego da wannan suna.

Dula iri biyu ce. Ta naƙuda takan gana da mai ciki sau ɗaya ko biyu kafin watan haihuwa, domin su san juna. Ranar da naƙuda ta tashi sai ta zo ta zauna, ba ta tashi sai an haihu an kimtsa. Tana danna wa mai naƙuda baya, ta taimake ta ta juya ko ta yi tattaki, ta ba ta ruwa, ta tuna mata yadda za ta ja numfashi, kuma ta sake yi mata bayanin abin da likita ya faɗa da harshen da za ta gane. Ta jego kuwa gida ta ke zuwa a makonnin farko. Ita ke nuna wa sabuwar uwa yadda a ke kama jariri a ba shi nono, ta karɓe shi domin uwar ta sami barci, ta ɗan taɓa girki, tana kuma lura ko akwai alamar da ke bukatar komawa asibiti. Abin da ya fi muhimmanci a sana'ar shi ne iyakarta. Dula ba ta sa hannu ta duba bakin mahaifa, ba ta yin allura, ba ta ba da magani, ba ta karɓar haihuwa, ba ta yanke cibiya. Duk wannan aikin ungozoma da likita ne.

Mai karatu zai iya cewa, to, in haka ne mene ne amfaninta? Likitoci ma da farko ba su ɗauki abin da wani nauyi ba. Wasu likitocin yara biyu na Amurka, Marshall Klaus da John Kennell, su ne suka jarraba shi tare da abokan aikinsu a wani asibiti mai cunkoso a birnin Gwatemala, inda ba a barin kowa ya shiga wurin mai naƙuda. Suka sa mata waɗanda ba ma'aikatan jinya ba su zauna da wasu daga cikin masu haihuwar fari, sauran kuwa aka bar su yadda aka saba. Sakamakon da aka buga a 1980 ya nuna cewa waɗanda aka zauna da su sun haihu cikin kamar sa'a 9 daga shigarsu asibiti, waɗanda aka bari su kaɗai kuwa sai da suka kai sa'a 19. Matan da aka gwada ba su da yawa, saboda haka aka sake gwaji mai girma a Houston, aka buga shi a 1991. A can, kashi 8 cikin 100 na matan da ke da dula ne aka yi wa fiɗa aka ciro jariri, alhali kuwa a cikin waɗanda ba su da kowa an yi wa kashi 18.

Tun daga lokacin an yi ta gwaje-gwaje. A 2017 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara bincike tana auna shi, ta haɗa gwaji 26 daga ƙasashe 17, da mata fiye da 15,000. Ta tarar cewa macen da aka zauna da ita tun farkon naƙuda har ƙarshe ta fi haihuwa da kanta, naƙudarta kan ragu da kamar minti 40, yawan fiɗa kuma kan ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ba a kuma ga wata illa ba. Bayanin da likitoci ke bayarwa shi ne, tsoro da firgita kan sa jiki ya fitar da sinadarin da ke sanyaya naƙuda, natsuwa kuwa kan bar mahaifa ta yi aikinta. Kada kuma wani ya ce abin na Turawa ne kawai. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Badun an yi irin wannan gwaji, aka buga shi a 2009, aka ga matan da aka bari da wanda suka zaɓa sun fi samun sauƙi, an kuma fi ƙarancin yi musu fiɗa. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin shawarwarinta cewa kowace mace a bar ta da abokin zama wanda ta ke so a duk tsawon naƙuda. Ƙasar Barazil ma tun 2005 ta mai da shi doka.

Horon dula ba shi da tsawo. Babbar ƙungiyarsu, DONA, wadda Klaus da Kennell da Penny Simkin da wasu suka kafa a 1992, tsarin da ta daɗe tana bi shi ne kos na 'yan kwanaki, da karatun wasu littattafai, da darasin shayarwa, sa'an nan ɗaliba ta halarci haihuwa uku, uwar da ma'aikatan jinya su rubuta shaida a kan aikinta, kafin a ba ta satifiket. A gwada wannan da shekara uku cur da 'yarmu ke yi a makarantar ungozoma kafin ta sami lasin. Gajartar horon ita ce alherinsa, ita ce kuma haɗarinsa, domin a yawancin jihohin Amurka babu dokar da ta hana kowace mace ta kira kanta dula ta karɓi kuɗi. Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne, a manyan birane yakan wuce dala 1,000, har ya zama matan masu hali ne suka fi cin moriyar abin. Ganin haka, da kuma ganin matan Baƙar fata na can suna mutuwa wajen haihuwa kusan ninki uku na Farare, ya sa jihohi suka fara biyan dula daga asusun lafiyar talakawa. Oregon da Minnesota ne suka fara, Kalifoniya ta bi a 2023, New York a 2024.

To, mu Hausawa ba baƙin wannan aiki ba ne, suna ne kawai ba mu sa masa ba. Yarinya mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta. Bayan an haihu akan sami dattijuwa, kaka ko goggo, ta zauna da mai jego har arba'in, ta dafa ruwa, ta yi wa jariri wanka, ta hana mai jego aiki. Abin lura ma shi ne likitoci kwana 42 su ke ƙirgawa a matsayin lokacin da haɗarin haihuwa bai wuce ba, watau iyayenmu ba su yi nisa da daidai ba. Amma akwai wurare biyu da al'adarmu ta gaza. Na farko, naƙudar kanta. Kunya ta sa mace takan ɓoye ciwo, ta shige ɗaki ita kaɗai, ba a kiran ungozoma sai jariri ya faɗo a zo yankan cibiya. Na biyu, wasu abubuwan da a ke yi wa mai jego da kyakkyawar niyya cutarwa su ke yi. Tun shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka nuna a Zariya cewa yawan kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kumbura masu jego. Har yau kuma akwai gidajen da a ke matse dakashi a zubar, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. Dattijuwar da ke yin waɗannan abubuwa ba mugunta ta ke yi ba, abin da ta gada ne, kuma kwana uku na darasi zai iya sauya shi.

Matanmu da ke zaune a nan Kudu sun fi kowa shiga tsaka mai wuya. Amaryar da aka kawo Agege ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal, uwarta tana can nesa, kuɗin mota zuwa wankan gida ya fi ƙarfin maigida, ga shi sau da yawa ba ta jin Yarabanci ko Turanci. Irin wannan yarinya idan aka rufe ta a ɗakin haihuwa, ko jiri ta ke ji ko jini ke zuba ba ta da bakin faɗa. Mace ɗaya mai jin harsuna biyu a gefen gadonta ta isa ta kira nas a kan lokaci.

Sai dai tilas mu ja kunnen hukuma tun da wuri. Bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Nijeriya a 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya duka. Abin da ke kashe su zubar jini ne, da jijjiga, da doguwar naƙuda, da zazzaɓin bayan haihuwa, kuma babu ɗaya daga ciki da riƙe hannu ke warkarwa. Suna bukatar ungozoma mai ilmi, da jini a ajiye, da ɗakin fiɗa mai wuta. A shekarun 1970 da 1980 ƙasashe da yawa sun ba ungozomomin gargajiya ɗan kos da akwatin kayan aiki, suka ɗauka an gama, daga baya aka gane mace-macen ba su ragu yadda aka zata ba. Duk gwamnan da zai horar da dula domin ya guje wa ɗaukar ungozomomi aiki, wannan kuskure zai maimaita.

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da ta jihohi su aika da takarda ga kowane asibiti cewa mai naƙuda tana da ikon shiga da mace ɗaya da ta zaɓa. Hujjar da shugabannin asibiti kan kawo ita ce ɗakin ɗaya ne, gadaje a jere, ba a son baƙo ya ga tsiraicin wata. Hujja ce mai ƙarfi idan maza a ke nufi, amma labule tsakanin gadaje da kujera guda sun warware ta. Majalisar da ke kula da aikin nas da ungozoma kuma ta tsara gajeren manhaja da Hausa da sauran harsunanmu, a rubuta a fili abin da dula za ta yi da abin da aka haramta mata, tun kafin masu neman kuɗi su cika gari da satifiket na bogi.

Ba sai an jira Abuja kafin a fara ba. Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu da ƙungiyoyin matan unguwa sun san dattijan matan da a ke kira idan haihuwa ta zo. A zaɓi biyar ko shida a kowace unguwa, a kai su asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a ranar awon ciki, babbar ungozoma ta koya musu alamomin haɗari: jini mai jiƙa zane, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, zazzaɓi da wari, kumburin ƙafa da haki, jaririn da ya ƙi kama nono, da mai jegon da ta daina barci tana yawan kuka. A ba kowace lambar wayar asibitin da ta direban da zai fito da dare, a kuma yanka mata ɗan alawus daga asusun ƙungiya, domin matar ɗan dako ma ta samu kamar yadda matar Alhaji za ta samu.