Mart Poom: Ƙwallo Ɗaya da Ta Rufe Wasa 120

Sanin kowa ne cewa cin ƙwallo ba aikin mai tsaron gida ba ne. Amma da zarar an ambaci Mart Poom, ɗan ƙasar Estoniya, abin da kan fara zuwa bakin mutane shi ne ƙwallon da ya ci da ka a watan Satumba na shekarar 2003, lokacin da ya baro ragar Sunderland ana dab da tashi, ya farke wa ƙungiyarsa a gidan Derby County, wato tsohuwar ƙungiyarsa. Abin burgewa ne, ba shakka. Sai dai rashin adalci ne a auna mutum da abin da ya yi sau ɗaya.

Ma'aunin gaskiya yana Tallin, inda aka haife shi a 1972, zamanin da ƙasar ke ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet. Da Estoniya ta sami 'yancin kai a 1991, shi ne ya tsaya a raga a wasanta na farko, wanda aka yi da Sulobeniya a 1992. Daga nan har 2009 ya buga wa ƙasarsa wasa 120. A lura fa, ƙasa ce da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, kuma ba ta je gasar kofin duniya ko ta Turai ba a duk tsawon shekarun nan. Mai tsaron gidan babbar ƙasa yakan wuni bai taɓa ƙwallo sau uku ba. Na ƙaramar ƙasa kuwa ruwan ƙwallo ake yi masa, in an sha kaye kuma sunansa ake fara kira. Poom ya san haka, bai daina amsa kira ba.

Hasali ma ragar ƙasar ce ta kai shi Derby. A Fabrairun 1997 aka yi canjaras, ba ci, tsakanin Estoniya da Sikotland a Monako. Bayan 'yan makonni Derby ta saye shi.

Masu cewa zamansa a Arsenal daga 2005 zuwa 2007 zaman benci ne, gaskiyarsu. Jens Lehmann ke gabansa. To amma ko a wasansa na ban kwana da Fotugal a 2009, ba a jefa wa Estoniya ƙwallo ko ɗaya ba.