Tauraron Da Ya Ce Wucewa Kawai Zai Yi



Iyayenmu kan ce, tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba. Mu kam, Irmiya 10:2 ta hana mu tsorata da alamun sararin sama. Amma ba ta hana mu koyon darasi daga gare su ba.

Tauraro mai wutsiya dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura. A watan Yuli 1992, wani da ake kira Shoemaker-Levy 9 ya ratsa dab da duniyar Mushtari, wadda ta fi dukan duniyoyin da ke kewaya rana girma. Bai taɓa ta ba. Amma ƙarfin janta ya fi yawa a gefensa na kusa fiye da na nesa, sai ya tsage gida 21. Gutsattsarin suka ci gaba da tafiya a jere, kamar ba abin da ya faru. Bayan shekara biyu, a Yuli 1994, suka dawo suka faɗa cikinta ɗaya bayan ɗaya.

A ganina, haka yawancinmu muke faɗuwa. Kaka ta yi, an kai masara kasuwar Dandume, kuɗi sun shiga aljihu. Saurayi ya ce ba zai buga cacar ƙwallo ba, kallo kawai zai yi a wayar abokinsa. Ranar Lahadi yana mawaƙa, kowa na ganinsa lafiya lau, alhali ya riga ya tsage a ciki. Sai damina ta kawo kai a ji kuɗin taki sun tafi.

Wani zai ce, ai Yesu ma ya ci abinci da masu zunubi. Gaskiya ne, kuma ba a ce mu guji mutane ba. Tambayar ita ce, wa ke jan wani? Lutu kusa da Saduma ya fara kafa alfarwarsa a Farawa 13, a sura ta 14 kuwa yana zaune a cikinta. Yusufu bai tsaya gwada ƙarfinsa da matar Fotifar ba, ya bar rigarsa ya gudu.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ka san abin da ke janka, kin san naki. A wannan mako, ku faɗa wa wani amintacce a zumunta, ku yi addu'a tare, ku canza hanya tun da nisa.

Ubangiji ya riƙe mu. Amin.